Yadda Abdulfatah Ya Gyara Fuskar Surukinsa

Wanda bai zauna da Abdulfatah na Gumel ba, bai san abin da ake kira cika baki ba. Ni Manu tela na san shi ciki da bai, domin bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da shagon hoton da yake aiki. Shagon na Madam Theresa ne, matar Jethro na sakatariya, mutanen Filato, kuma ita ta fara kawo kwamfuta layinmu a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki. Aikin Abdulfatah bai wuce shara da riƙe fitila da cewa mutane su ɗaga haɓa ba. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya ƙera kwamfutar da hannunsa. Har suna ya raɗa wa kansa, wai Injiniya.

To, Injiniyan nan namu ya faɗa tarkon Rahama, 'yar Alhaji Ishaƙ dillalin shanu na Maigatari. Karatu take yi a kwaleji, ta zo ɗaukar hoton fasfo, ya ce ta ɗaga haɓa, shi ke nan tasa haɓar ba ta sake sauka ba. Ita ma tana sonsa, don yana ba ta dariya. Matsalar ɗaya ce. Da manyansa suka je gaisuwa, Alhaji ya ce, "Ban ƙi ba, ban kuma amsa ba. Ni ba na ba da 'ya ga wanda ban ga sana'arsa ba. Mece ce kwamfuta? Ana tatsar ta ko ana hawan ta? Ya nuna mini aikin hannunsa tukuna."

Ana cikin haka aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi. Alhaji Ishaƙ ya fito takarar kansila, abokin karawarsa kuwa Sajo, wani Bafulatani dogo, fari, siriri, mai hanci kamar an ja shi da zare. Alhaji shi kuma Bamange ne, baƙi, mai faffaɗar fuska, da tsagar gado a kowane kunci da haƙorin Makka. Kun dai san abin da ke tsakanin Bamange da Bafulatani. Ko a makabarta suka haɗu sai sun tsokani juna.

Alhaji na buƙatar fosta. Ya ciro hoton da ya fi ƙauna a duniya daga bangon zaurensa, wanda ya ɗauka a Makka shekarar da ya sauke farali, shi ke nan guda ɗaya tal. Ya miƙa wa Abdulfatah, ya ce, "Ga wani tabon ruwa nan a gefe, ka goge shi, ka rubuta sunana a ƙasa. In ya yi kyau, ka turo manyanka."

"Baba," in ji Abdulfatah, "tabo kawai? Ai ba a kiran Injiniya don tabo. Ranar Alhamis a gaban kasuwar Maigatari kaf zan yi aikin nan, kowa ya gani da idonsa."

Ranar Laraba na ji Madam ta cikin bango tana koya masa. Ba ta san da maganar Maigatari ba, ta ɗauka a shago zai yi.

"Ka ga wannan ɗan akwatin da aka rubuta Firibiyu? In ka sa masa alama, duk filtar da ka buɗe, wato abin sauya kamannin hoto, kwamfuta za ta nuna maka yadda hoton zai koma, amma ba ta taɓa shi ba tukuna. Kamar Manu ne ya ɗora maka yadi a kafaɗa ka duba madubi. In bai yi maka ba, ka danna Risat, ma'aunin nan da kake ja ya koma inda ka same shi. Amma da zarar ka danna Oke..."

"Na sani, Madam."

"Bari in ƙarasa mana."

"Madam, wannan ai a barci ma ina yin sa."

"To ka dai riƙa adana aikinka saboda ɗauke wuta."

"Na sani."

Ni da nake jin su na girgiza kai na ci gaba da taka kekena. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa zai gaya wa Injiniya?

Alhamis da sassafe Madam ta tafi Sule Tankarkar ɗaukar hoton biki. Ƙurar motar da ta shiga ba ta kwanta ba Abdulfatah ya kwance kwamfuta, ya naɗe ta da zanin gado, ya aro janareto wajen mai aski. Ni dama ranar nake zuwa Maigatari sayen yadin Nijar, kuma ko da ba na zuwa, wallahi ranar sai na je. Direba ya ce akwatin allon kwamfutar fasinja ne, tunda ya cinye wurin mutum guda. Suka yi ta sa-in-sa, a ƙarshe Abdulfatah ya ɗora shi a cinya, ba a ganin komai nasa sai hula. Wata tsohuwa da ake kira Goggo, mai kai daddawa kasuwa, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, talabijin ce ka kai gyara?"

Murya ta fito daga bayan akwati. "Goggo, wannan ƙwaƙwalwa ce. Yau za ki ji labarinta."

"To Allah ya sa mu ji alheri."

A rumfar Alhaji da ke bakin kara, kasuwar shanu, aka kafa kaya. Janareto na tashi wani bijimi ya tsinke igiya, aka yi ta artabu kafin a kama shi, wannan kuwa ya tara mana mutane fiye da shela. Dillalai, mahauta, Buzaye masu rawani, fatake daga Damagaram, Fulani da sandunansu a kafaɗa, kowa ya baro cinikinsa. Alhaji ya hakimce a kujera cikin babbar riga. Rahama ta kawo wa mahaifinta abinci, ta ƙi tafiya, ta tsaya daga gefe tana murmushi. Da Abdulfatah ya hango ta sai ya gyara hula ya ƙara murya.

Hoton ya bayyana a allo, dama tun jiya ya shigar da shi kwamfuta. Ga Alhaji sak, tsaga raɗau, haƙori na walƙiya. Jama'a suka yi salati.

"Ba ku ga komai ba," in ji Abdulfatah. Ya buɗe wata filta mai murɗa hoto, ya sa alamar Firibiyu, ya ja ma'auni. Fuskar Alhaji ta murɗe kamar wankin da ake matsewa, hanci ya koma wajen kunne, haƙorin Makka ya hau goshi. Kasuwa ta ɗauki dariya. Alhaji ya miƙe, idanu ja.

"Kai yaro, ni za ka..."

"Baba, a zauna." Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a hankali, ya danna Risat. Nan take fuska ta warware ta koma yadda take.

Wohoho, zo ka ga tafi. Wani Buzu ya ja da baya yana tofa addu'a a ƙirjinsa. Wani ya ce a sake. Abdulfatah ya kumbura kan Alhaji ya zama tulu, ya danna Risat. Ya mayar da shi kore, ya danna Risat. Alhaji da kansa ya fara dariya yana duban mutane, irin duban nan na kun ga surukina. Wallahi da a nan ya tsaya ya goge tabo, da yanzu 'ya'yansa da Rahama sun yi aure.

Ina, ai kai ya riga ya fasu. Ya hau kan benci ya ce, "Jama'a, wannan maɓalli da kuke gani, babu abin da ba ya dawowa da shi. Ko raƙumi na mayar da Baba, dannawa ɗaya ce."

Alhaji ya ce, "Madalla. To ba ni hotona na takarda in ajiye, kada ya yamutse."

Abdulfatah ya ciro shi daga aljihu ya ɗaga. "Wannan? Baba, zamanin takarda ya wuce. Gara na cinta, ruwa na ɓata ta. Na cikin nan kuwa ba ya tsufa." Kafin wani ya buɗe baki, ya wurga shi cikin murhun mai shayin da ke kusa. Wuta ta lashe shi, ko ƙyalle bai rage ba.

Alhaji ya dafe ƙirji. "Hoton Makka?"

"Yana ciki, Baba. Lafiyarsa ƙalau."

Na dubi Rahama, murmushin ya ragu da rabi.

Sai aka shiga aiki na gaskiya. Abdulfatah ya ce goge tabo aikin yara ne, shi zai cire wa Alhaji shekaru ne, ya fito saurayi. Ya buɗe filtar da ke sulɓe fata. To kwamfutar zamanin nan ba ta da sauri, duk jan da ya yi sai ta tsaya tana nazari kafin ta nuna. Wani mahauci ya ce, "Injiniya, jakarka ta gaji ne?" Aka yi dariya. Abin ya sosa masa rai.

"Firibiyun nan ne ke ɓata mini lokaci," ya ce. "Dama don 'yan koyo aka yi shi." Ya cire alamar.

Ya ja ma'auni, hoto bai canza ba. Yaya zai canza, bayan ya rufe idon da ke nuna masa? Ya ƙara ja, shiru. Ya ce fatar Baba ce mai tauri, ranar kara ta gasa ta. Ya ja ma'aunin har ya ƙure bango, ya danna Oke.

Wani ɗan layi ya fara rarrafe a allo. Kowa ya zuba ido. Da ya kai ƙarshe, sai ga wata fuska sumul kamar malmalar tuwo. Babu tamoji ko ɗaya, gaskiya ne. Babu kuma tsaga. Gemun ya zama hayaƙi, idanun kamar ana hango su ta cikin koko.

Daidai nan janareto ya fara tari. Cikin duk karatun Madam, abu ɗaya ne ya zauna a kan Abdulfatah, a adana aiki saboda ɗauke wuta. Ya yi wuf ya adana malmalar nan a kan hoton asali. Janareto ya yi tari na ƙarshe ya mutu.

Aka zuba mai, aka ja igiya, allo ya dawo. Malmala na nan daram.

Alhaji ya matso da kujera. "Ina tsagata?"

"Tana ciki, Baba."

"Tsagar da kakana ya tsaya aka yi mini ranar suna. Ina take?"

"Dannawa ɗaya ce." Ya buɗe filtar, ya ɗaga yatsa sama kamar ɗazu, ya danna Risat. Ma'auni ya zauna a mazauninsa. Fuska ko gezau. Ya sake dannawa. Ya danna da babban yatsa. Ya hure maɓallin ya goge da hannun riga ya danna.

"Ko dai ya ƙare ne?" in ji mahaucin. "Ka yi ta ɓarnar da shi ɗazu a kan tulu."

Wani wanzami ya kutso yana kwance zabirarsa. "A ba ni wuri. In dai tsagar Mangawa ce, ubana ya yi wa rabin garin nan. A riƙe mini gilashin kada ya motsa."

"Malam, mayar da askarka," in ji Abdulfatah, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Na gane matsalar. Fuskar ce ta baje, tsagar ta nutse. In na matse ta, za ta taso."

Na ce masa a hankali, "Abdulfatah, mayar da alamar nan ta Firibiyu ka ga abin da kake yi."

"Manu, ni na taɓa koya maka ɗinki?"

Na ja da baya. Ya buɗe filta mai tsuke hoto, ya ja a makance, ya danna Oke, ya adana. Faffaɗar fuskar Alhaji ta tsuke ta yi tsawo, kumatu suka shige, hanci ya miƙe ya yi tsini. Tsaga ba ta taso ba.

"Duhu ne ya ɓoye ta," ya ce. "Bari in ƙara haske."

Ya ƙara haske, ya danna Oke, ya adana. Baƙin Alhaji ya washe ya koma fari tas. Haƙorin Makka ya narke cikin hasken ya ɓace. Abin da ya rage na Alhaji Ishaƙ a hoton nan hula ce kawai da tabon ruwan da aka ce a goge, yana nan a gefe ko taɓa shi ba a yi ba.

Kowa na karkata kai yana kallo. Can sai wani bafatake ɗan Damagaram ya matso, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Wallai, ni na san mutumin ga. Wannan ba Sajo ba ne?"

Jama'a, kamar an watsa wa kaji tsaba. "Sajo ne." "Wallahi shi ne, dubi hancin." Fulanin da ke wurin suka ɗaga sanduna suna kirari, yaransu suka ruga cikin kara. Ba a jima ba sai ga Sajo da kansa ana buɗa masa hanya, yana tafe yana gyara malfa. Ya sunkuya ya dubi allo, ya shafa hancinsa, ya sake duba. Sai ya juya ga Alhaji ya rusuna har ƙasa.

"Alhaji, ban san ƙaunar da kake mini ta kai haka ba. Ka ɗauko inji tun daga Gumel don ka yi mini fosta?"

"Sajo, ka fita idona."

"A'a, ai abin a yaba ne. Mun daɗe muna faɗa ana musu, ashe dai Bamange in ya sami dama, Bafulatani yake so ya zama. Ga shi inji ya tona."

Dariyar da aka yi har shanu sai da suka amsa. Wani dillali ya faɗi daga kan benci yana riƙe da ciki. Abdulfatah kuwa yana ta danna Risat kamar mai kiran ƙofar gidan da babu kowa.

Ana cikin haka acaɓa ya yi burki a bakin rumfa. Madam Theresa ce ta sauko, kyamara a wuya, ɗankwali ya karkace. Ashe fim ne ya ƙare mata ta koma shago ɗauka, ta tarar da tebur wayam, mai shayin layinmu ya ba ta labari. Ko kallon Abdulfatah ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta ture Injiniya gefe, ta zauna ta yi 'yan danne-danne. Sai ta saki hannu.

"Ina hoton takardar?"

Mutane wajen ashirin suka nuna mata murhun mai shayi.

"Wayyo Allah. Baba Alhaji, ku yi haƙuri. Wannan ba zai dawo ba."

"Ya ce akwai maɓallin da ke dawo da komai. Na gani da idona, ya mayar da ni tulu ya dawo da ni."

"Lokacin nuni kawai yake yi muku, Baba, bai tabbatar ba, kamar a ɗora wa mutum yadi a kafaɗa ya duba madubi. Risat abin da ake gwadawa yake mayarwa. Amma abin da aka danna wa Oke, aka ɗora wani a kai, aka adana, ya zauna ke nan. Ku tambayi tela, yadin da aka yanka yana komawa?"

Duk aka juyo gare ni. Na ce, "Ba ya komawa."

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji wanzami, yana ɗaure zabirarsa. "Garin neman gira an rasa ido."

Sajo ya ce, "Madam, kada a goge. Ki buga mini shi haka nan, har da hular. Abin nema ya samu."

Alhaji bai kula shi ba. Ya daɗe yana kallon murhun nan, kuma a nan ne dariyar mutane ta fara lafawa, don kowa ya san abin da hoton yake a wurinsa. Ni kaina sai da na ji tausayinsa. Can ya ɗago ya ce, "Madam, ƙara fahimtar da ni, ni ba ɗan boko ba ne. Abin da aka danna wa Oke ba ya dawowa."

"Haka ne, Baba."

"Wanda kuma aka nuna kawai, ba a danna masa Oke ba?"

"Shi kam yana komawa yadda yake, kamar ba a taɓa yi ba."

"Alhamdu lillahi." Ya juya ya dubi Abdulfatah sama da ƙasa. "Injiniya, maganarka da Rahama, ka tuna na ce ban ƙi ba, ban amsa ba?"

"Baba, don Allah..."

"Ban danna mata Oke ba." Ya miƙa ɗan yatsansa mai zoben azurfa, ya dangwala wa Abdulfatah a tsakiyar goshi. "Risat."

Kasuwa ta sake fashewa. Abdulfatah ya waiga wajen Rahama. "Rahama, ke ba za ki ce komai ba?"

Ta tattara kwanukan abinci ta ɗora a ka. Idonta ya yi ja, amma bakinta bai mutu ba. "Me zan ce, Injiniya? Ni ma yau an ɗora mini yadin a kafaɗa na duba madubi. Na gode Allah da ba a kai ga yankawa ba." Ta bi bayan mahaifinta.

Madam ta sa shi ya ɗauki akwatin allon a ka tun daga bakin kara har tasha, yara na binsa suna dangwalar goshin juna suna cewa Risat. Fostar kuwa ta fito a makon, aka manna ta tun daga Maigatari har kan hanyar Gagarawa, Sajo cikin hular Makka ta Alhaji Ishaƙ, da tabon ruwa a gefe.

A motar komawa, wa za mu tarar in ba Goggo mai daddawa ba, ta sayar da kayanta tas. Ta ga akwati a cinyar mutum, hula kaɗai ke leƙowa, ta gane shi.

"Ɗan nan, yaya ƙwaƙwalwar? Ka ce yau zan ji labarinta."

Muka kasa kunne. Har muka shiga Gumel babu abin da ya fito daga bayan akwatin nan. Tun da nake da Abdulfatah, ranar ce kaɗai aka yi masa tambaya bai ce ya sani ba.